Tsoffin Kwandalolin Azurfa: Me Ke Sa Wata Shekara Ta Yi Wuyar Samu?

Wanda bai san harkar tara tsoffin kuɗi ba yakan ɗauka cewa kwandalar da ta fi daɗewa a duniya ita ce ta fi wuyar samu. Ba haka abin yake ba. Akwai kwandalolin azurfa na daular Rum da aka buga kusan shekaru dubu biyu da suka wuce, amma da yake an buga su da ɗimbin yawa, kuma har yau ana tono su cikin tukwane a ƙarƙashin ƙasa, samun su ya fi samun wata ƙaramar kwandalar Amurka ta 1916 sauƙi. Wuyar samu tana farawa ne daga adadin da aka buga a wata shekara, sai dai adadin nan shi kaɗai yakan ɓatar da mutum, domin abin da ke hannun jama'a a yau shi ne ragowar da ta tsira daga wutar narkawa da kuma yawo daga hannu zuwa hannu, kuma a cikin ragowar ma kaɗan ne ke da sauran kyan gani.

Kafin a kai ga wannan, ya kamata a san dalilin da ya sa kuɗin azurfa suka zama abin tarawa. Ƙasashe sun daina buga su domin hada-hadar yau da kullum, saboda haka abin da ke akwai ba zai ƙaru ba, sai dai ya ragu. Birtaniya tana buga sulallanta da azurfa kashi 92.5 cikin 100 har zuwa 1919. A 1920, bayan tsadar da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya jawo, ta rage zuwa kashi 50, sannan daga 1947 ta cire azurfar gaba ɗaya ta koma gamin jan ƙarfe da nikel. Amurka ta riƙe kashi 90 a kwandalolinta na santi 10 da santi 25 da rabin dala har zuwa 1964. Dokar 1965 ta cire azurfa daga biyun farko, ta bar kashi 40 a rabin dala, wanda shi ma ya ƙare a 1970. Kanada da Suwizalan sun bi sahu a ƙarshen shekarun 1960. A kowace ƙasa abu ɗaya ya biyo baya: da zarar azurfar da ke jikin kwandala ta fi ƙimar da aka rubuta a kanta daraja, mutane sukan ɓoye tsohuwar su kashe sabuwar, har tsofaffin su ɓace daga kasuwa cikin 'yan shekaru. Masana tattalin arziki suna kiran wannan ɗabi'a dokar Gresham.

Waɗanda aka ɓoye ba duka suka tsira ba. A watan Janairun 1980, sakamakon sayen azurfa mai yawa da 'yan gidan Hunt na Texas suka yi, farashinta ya kai kusan dala 50 a kan kowane awo na giram 31.1, kuma a wannan lokaci an kwashi kwandaloli buhu-buhu zuwa wurin narkawa ba tare da kowa ya tsaya duba shekarunsu ba. Tun kafin wannan ma gwamnati da kanta ta yi narkawar da ta fi ta kowa. A ƙarƙashin dokar Pittman ta 1918, Amurka ta narka dalolin azurfa fiye da miliyan 270, aka sayar wa Birtaniya mafi yawan azurfar domin bukatunta a Indiya. Ba a rubuta ko wace shekara da wace shekara ce ta shiga wuta ba. Wannan rashin lissafi shi ne tushen ruɗanin da ya biyo baya, domin littafin gidan buga kuɗi yana faɗin abin da aka buga, amma babu littafin da ke faɗin abin da ya rage.

Duk da haka, daga adadin bugu ake farawa, kuma a nan dole a haɗa shekara da wurin da aka buga. Amurka ta yi gidajen buga kuɗi da dama, kowanne da harafinsa: S na San Faransisko, D na Denver, O na New Orleans, CC na Carson City, ita kuwa Filadelfiya a wancan zamani ba ta sa harafi a kuɗin azurfarta. A 1916 aka fito da sabuwar kwandalar santi 10 wadda aka fi sani da Mercury, 'yar ƙarama ce mai nauyin giram 2.5. Filadelfiya ta buga fiye da miliyan 22, San Faransisko ta buga fiye da miliyan 10, amma Denver guda 264,000 kacal ta buga kafin a karkatar da injinanta zuwa wani aikin. Idan aka ajiye ukun a kan tebur fuskarsu ɗaya ce, shekararsu ɗaya, nauyinsu ɗaya. Sai an juya bayan kwandalar, an dubi ƙasa kusa da baki, ta hagun gindin damin sandunan da ke tsakiya, sannan za a ga ɗan harafin da bai kai ƙwayar gero ba. Wannan harafi ne ya raba abin da ake samu a kowane tarin tsofaffin kuɗi da abin da mutum zai iya shafe shekaru yana nema.

Irin waɗannan shekaru, waɗanda sai da su jerin mai tarawa ke cika, kowane nau'in kuɗi yana da nasa. A dalar azurfa ta Amurka da ake kira Morgan, wadda aka buga daga 1878 zuwa 1904 sannan aka sake bugawa a 1921, akwai ta San Faransisko ta 1893 mai adadi 100,000, shekarar da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, da ta Carson City ta 1889 mai 350,000. A santi 25 akwai ta 1932 ta Denver da ta San Faransisko, kowacce ba ta kai rabin miliyan ba. A Birtaniya, kwandalar sule biyu da sisi ta 1905, zamanin Sarki Edward na Bakwai, ba ta kai 170,000 ba, ita kuwa babbar sule biyar ta 1934 guda 932 aka buga. Mafi yawan lokuta ƙarancin yana da dalili a tarihi, ko dai kasuwa ta mutu har bankuna ba su nemi sababbin kuɗi ba, ko kuma gidan bugun ya shagala da wani aiki, kamar yadda ya faru a 1921 lokacin da aka duƙufa wajen mayar da dalolin da aka narka, har rabin dala ta Denver ta tsaya a 208,000.

Inda harkar ta fi ban sha'awa shi ne inda adadin bugu ya saɓa da abin da ake gani a zahiri, kuma dalar Morgan ce ta fi nuna haka. Dokokin sayen azurfa na ƙarshen ƙarni na 19 sun tilasta wa gwamnati buga daloli fiye da abin da jama'a ke bukata, saboda haka miliyoyi suka zauna a ma'ajiyar baitulmali cikin buhunan dubu-dubu, ba wanda ya taɓa su. Dalar New Orleans ta 1903 an buga ta fiye da miliyan 4, amma shekara da shekaru da wuya a ga sabuwarta, har masana suka yanke cewa wutar 1918 ta cinye ta, aka riƙa sayen 'yan kaɗan da ke akwai da tsada mai yawa. A ƙarshen 1962 aka buɗe wata ma'ajiya a Filadelfiya, buhunanta suka fito, kuma cikin 'yan makonni farashinta ya faɗi warwas. Waɗanda suka sa dukiyarsu a kanta ba su yi kuskuren karanta littafi ba, ma'ajiyar ce ba su san abin da ke cikinta ba.

Haka kuma, lokacin da baitulmali ya daina ba da dalar azurfa a 1964, an tarar da ragowar kusan miliyan 3, mafi yawansu na Carson City, waɗanda gwamnati ta sayar wa jama'a tsakanin 1972 da 1980. Dalar Carson City ta 1884 ba ta wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba a bugu, amma fiye da kashi 80 cikin 100 nata suna cikin wannan ragowa, sababbi fil. Saboda haka samun sabuwarta abu ne mai sauƙi, wadda ta sha hannu ce ma ba a cika gani ba. 'Yar uwarta ta San Faransisko ta wannan shekara kuwa an buga ta miliyan 3.2, wato kusan ninki uku, amma an sake ta cikin kasuwa ta yi aikin da aka buga ta dominsa. Suɗaɗɗiyarta tana ko'ina, sabuwarta kuma tana cikin mafi wuyar samu a jerin gaba ɗaya. Mai duba adadin bugu kawai zai juya lissafin nan a baibai.

Wani lokaci ma shekarar da ke jikin kwandala ba ita ce shekarar da aka buga ta ba. Dalar Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya, mai nauyin giram 28 da ɗoriya da azurfa kashi 83.3, ta samu karɓuwa a kasuwannin Larabawa da Habasha har 'yan kasuwa ba sa yarda da wadda aka sauya wa kama. Saboda haka bayan rasuwar sarauniyar a 1780 aka ci gaba da buga ta da wannan shekara, a Biyana da kuma wasu biranen kamar Landan da Faris da Rum da Bombay, har adadinta ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Wanda ya ga 1780 a jikinta ya ɗauka ya samu kayan ƙarni na 18, alhali mai yiwuwa a ƙarni na 20 aka buga ta. Shahararriyar dalar Amurka mai ɗauke da 1804 ita ma sai a shekarun 1830 aka fara buga ta, domin a kai kyauta ga Sarkin Maskat da Sarkin Siyam.

Daga nan sai batun halin da kwandala take ciki, wanda a ganina shi ne rabin ilimin wannan harka. Azurfa ƙarfe ne mai laushi, kuma duk hannun da ya taɓa ta yana ɗauke wani abu daga wuraren da suka fi tudu a zanen, kamar gashi da kunci da ƙirjin gaggafa. Ma'aunin halin kwandala da aka fi amfani da shi yanzu ya samo asali daga wanda William Sheldon ya tsara a 1949, daga 1 zuwa 70. Mai lamba 4 ta suɗe, siffar kai kawai ta rage da shekara da ake iya karantawa. Mai 12 manyan layukan zanenta sun fito. Daga 20 zuwa 45 ana ganin gashi da fuka-fukai daki-daki, sai tudun zanen da ya ɗan goge. Daga 60 zuwa sama kuwa kwandala ce da ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Kowane nau'i yana da wurin da ake dubawa. A kuɗin Amurka da Charles Barber ya zana, waɗanda aka buga daga 1892 zuwa 1916, akwai kalma mai haruffa bakwai a ɗaurin kan hoton, kuma masu tarawa sukan ƙirga haruffan ne: idan babu ko ɗaya tana ƙasan ma'auni, idan uku sun fito ta ɗan haura, idan bakwai ɗin suna karantuwa ta kai matsayin da ake alfahari da shi. Kuɗin Barber sun yi aiki shekaru da yawa, har cikin matsin tattalin arziki na shekarun 1930 lokacin da ba mai halin ajiye rabin dala don sha'awa, shi ya sa mai haruffa bakwai ke da wuya ko da a shekarar da aka buga da yawa.

Wani zanen ma shi ya jawo wa kansa. Santi 25 da aka fara bugawa a 1916, mai hoton mace a tsaye da garkuwa, an ɗora shekararta a kan wani tudu da ke ƙasan ƙafafun hoton, wurin da ya fi ko'ina gogayya. Cikin 'yan shekaru lambobin suka riƙa shafewa, sai a 1925 aka gyara aka nutsar da su. Ɗimbin waɗanda aka buga kafin gyaran suna nan ba shekara, kuma a cikinsu akwai na 1916 da aka buga 52,000 kawai, waɗanda sai ƙwararre ke gane su ta ƙananan bambance-bambancen zane.

Akwai bambanci babba tsakanin kwandalar da ta sha hannu da wadda aka lalata, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi yin asara. Suɗewa ba aibi ba ce, shaidar aiki ce. Aibi shi ne huda, da tabon lanƙwasa, da bakin da ya bugu ya lotse, da alamar walda a inda aka taɓa liƙa ta a abin ado, da kuma wanki, wanda ya fi su duka yawa. Lokacin da hatimi, wato ƙarfen da ke ɗauke da zanen kwandala, ya danne farantin azurfa da ƙarfi, ƙarfen yakan gudu daga tsakiya zuwa baki, ya bar layuka ƙanana da ido ba ya gani. Su ne ke ba sabuwar kwandala sheƙinta. Idan aka riƙe ta a ƙarƙashin fitila ɗaya aka karkata ta a hankali, za a ga haske yana zagaya fuskarta kamar hannun agogo. Wanda ya sa tsumma da man goge ƙarfe ya share waɗannan layuka har abada, ya maye gurbinsu da ƙananan ƙarce masu tafiya gefe guda. Kwandalar za ta yi fari tas, amma haskenta a tsaye yake ba ya zagayawa, kuma da gilashin ƙara girma mai ninki biyar zuwa goma ana ganin ƙarcen a filin da ke gaban fuska. Tsoma ta cikin sinadarin cire dusashewa shi ma yana cin fatar ƙarfen kaɗan-kaɗan, idan aka maimaita sai ta koma fari fat ba rai. Duhun da azurfa ke yi da daɗewa, wanda farar wutar da ke cikin iska ke jawowa, masu tarawa suna son sa muddin na asali ne. Tsohuwar kwandala mai gaskiya takan kasance ruwan toka, tudunta da ɗan haske, lungunan haruffanta da duhu. Idan aka ga wadda ta suɗe har gashin kai ya shafe amma tana ƙyalli, to an taɓa ta. Ina jin takaicin wannan ƙwarai, domin sau da yawa magada ne ke yin wankin da kyakkyawar niyya kafin su kai wa mai saye, su rage darajar abin da aka adana musu shekaru da yawa cikin 'yan mintoci.

Duk shekarar da ta yi suna tana jawo masu jabu. Jabun da aka yi da wani ƙarfe shi ne mai sauƙin kamawa. Dalar Morgan ta gaskiya nauyinta giram 26.73 ne, faɗinta milimita 38.1, suɗewa kuma ɗan kaɗan take ragewa, don haka sikeli mai auna ɗigon giram da ma'aunin faɗi suna fallasa da yawa. Azurfa ba ta bin maganaɗisu, duk wadda ta manne masa an gama maganarta, ko da yake rashin mannewa ba ya tabbatar da komai tunda jan ƙarfe ma ba ya mannewa. Mai wuyar kamawa shi ne jabun da aka yi da kwandala ta gaskiya: a ɗauki santi 10 ta Filadelfiya ta 1916 a liƙa mata harafin D da aka yanko daga wata, ko a sassaƙa lambar ƙarshe ta wata shekara ta koma 1893. Nauyi daidai, ƙarfe daidai, ƙara daidai. Ƙwararru suna gane su ne saboda an san hatiman da aka yi amfani da su a waɗannan shekaru, an san siffar harafin da inda ya zauna da ƙananan tabon da kowane hatimi ke bari. Saboda wannan ne kamfanonin tantancewa suka samu gindin zama, PCGS daga 1986 da NGC daga 1987, waɗanda ke duba kwandala, su ba ta lamba a ma'auni, su rufe ta cikin roba mai tauri da lambar rajista. A shekarun da aka fi yi wa jabu, sayen wadda ba a tantance ba kasada ce da ban ga dalilinta ba. Robar ma ana yin jabunta, don haka ana duba lambar rajistar a shafin kamfanin a gwada hoton da abin da ke hannu. Lambar ma'aunin kuma ra'ayin masu dubawa ce, kwandala biyu masu lamba ɗaya sukan bambanta a kyan gani, kuma idon mai saye ne zai raba su.

Game da inda ake samu, gaskiyar ita ce manyan shekarun nan an daɗe da tsince su. Tun shekarun 1930 aka fara sayar da allunan kwali masu ramuka, rami ɗaya ga kowace shekara da harafinta, kuma tsararraki na masu tarawa sun tace kuɗin da ke yawo suna neman cike ramukan. Wanda ya sayi buhun tsofaffin kwandaloli da ake sayarwa bisa nauyin azurfa yana fatan cin karo da Denver ta 1916, da wuya burinsa ya cika. Abin da har yanzu ake samu a irin waɗannan buhuna, da akwatunan dillalai, da tarin gado da ake kaiwa gwanjo, shi ne shekaru masu matsakaicin ƙaranci, waɗanda sunansu bai yi ƙara ba amma samun mai kyau a cikinsu yana da wuya. A nan ne ilimi ke biyan mai shi. Wanda ya zaɓi jeri ɗaya ya zauna a kansa, ya ga ɗaruruwan kwandalolinsa har idonsa ya saba da yadda kowace shekara ke fitowa, zai gane cewa wani gidan bugun ya saba fitar da zane mara zurfi tun daga hatimi, don haka ba zai ɗauki raunin bugu a matsayin suɗewa ba. Dalolin New Orleans da yawa haka suke, gashin da ke saman kunne da ƙirjin gaggafa a shafe tun suna sababbi.

Ni dai na fi karkata ga matsakaicin matsayi, daga 12 zuwa 40 a ma'auni, musamman a shekaru masu wuya. A wannan matsayi zanen ya fito yadda za a more kallonsa, shekara da harafi suna karantuwa ba gardama, kuma farashi bai yi tsallen da yake yi daga 60 zuwa sama ba, inda bambancin lamba ɗaya ke iya ninka kuɗi sau da yawa a kan abin da sai da gilashi ake gani. Jeri mai launi iri ɗaya da matsayi kusa da juna ya fi kyan gani a kan wanda aka haɗa sabuwa fil da suɗaɗɗiya gefe da gefe. Idan aka samu zaɓi tsakanin mai lamba 12 da ba a taɓa ba da mai lamba 30 da aka wanke, ta farkon ce za a fi samun mai saye ranar da aka so rabuwa da ita, kuma ita ce ba za a gaji da kallonta ba.

Bayan an samu, sauran aikin shi ne kada a ƙara mata lahani. Ana riƙe ta ne ta gefe da yatsu biyu, a saman wani abu mai laushi, domin maiƙon yatsa yana barin zane a fuskar azurfa wanda ba ya fita. Roba mai laushi da ke ɗauke da sinadarin PVC tana fitar da wani kore mai danƙo da ke cin ƙarfe a hankali, don haka ana amfani da roba mai tauri ko ambulan da aka yi musamman domin wannan aiki. Robar ɗaure kuɗi da takarda ta gama-gari da ulu duk suna ɗauke da farar wuta, suna baƙanta azurfa da wuri. Wuri busasshe mara sauyin zafi da sanyi ya fi dacewa, kowace kwandala a gidanta don kada su riƙa gogar juna, tare da rubuta shekararta da harafinta da inda aka same ta, saboda wanda zai gaje ta ya san abin da ke hannunsa kafin ya kai ta wurin masu awo.